Tambaya da Amsa: Alluran da Ke Tsirowa a Huhun Ɓera

Wasiƙu uku ne za su cinye mana filin wannan fitowar, biyu daga birnin Katsina, ɗaya daga Daura. Masu su ba su san juna ba, amma da na jera su sai na ga ashe igiya ɗaya ce ta ɗaure su.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a aji uku na jami'a, ina karanta kimiyyar ƙananan halittu, kuma ina zaune a Ƙofar Ƙaura. A wani darasi an nuna mana hoton huhun ɓera cike da wasu abubuwa masu tsini kamar allurai, aka ce furotin ne ya daskare, kuma wai yana kama da wani sinadari mai suna kaitines. Ta yaya furotin zai koma kamar dutse a cikin jiki mai rai, kuma mene ne amfaninsa ga garkuwar jiki?

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya ba da sa'ar karatu. Bari mu fara daga abin da kika sani a gida. Idan aka ajiye zuma a kwalba ta daɗe, musamman lokacin hunturu, za ki ga ƙasanta ya yi tsaki-tsaki, domin sukarin da ke cikinta ya fi ƙarfin ɗan ruwan da ke riƙe da shi, sai ƙwayoyinsa suka fara jeruwa ɗaya a kan ɗaya bisa tsari guda har suka zama abu mai tauri. Wannan jeruwa bisa tsari ita ake kira kiristal, kuma ita ce siffar gishiri da alif da kanwa. Furotin ma yana iya yin haka, sai dai da ƙyar. Masana kan shafe watanni a ɗakin gwaji suna lallaɓa furotin guda ya daskare domin su gane ƙirarsa, sau da yawa kuma ya ƙi. Shi ya sa furotin da ke daskarewa da kansa a cikin jiki mai rai, da ɗuminsa da ruwansa, abin a tsaya a duba ne.

Likitocin dabbobi masu duba naman ɓerayen gwaji sun daɗe suna ganin waɗannan allurai. Idan aka yanka huhun siriri aka rina shi da rinin da aka saba, sai su fito ja mai haske, wasu sirara kamar allurar ɗinki, wasu masu faɗi kamar fasasshen gilashi, wasu a cikin manyan ƙwayoyin garkuwa da ake kira makrofaj, wasu kuma zube a cikin 'yan jakunkunan iska na huhu. Sun fi yawa a tsofaffin ɓeraye, da wani jinsi da ake yi wa laƙabi da lamba 129, da kuma wasu ɓeraye masu naƙasa a garkuwar jiki waɗanda gashinsu ke zubewa wuri-wuri kamar rigar da asu ya ci, har sunan da aka ba su ke nan. Idan alluran suka yi yawa sukan cika huhu har numfashi ya gagara, dabbar ta mutu. A shekarar 2000 ne aka tsamo alluran daga huhun waɗannan ɓeraye masu zubar gashi, aka bincika, aka tarar furotin guda ne mai suna Ym1. Yana da ɗan'uwa, Ym2, wanda suka yi kama ƙwarai, sai dai shi Ym1 ya fi yawa a huhu da saifa da ɓargo, shi kuwa Ym2 gidansa tumbi ne.

Yanzu ga batun kaitines. Kaitin wani abu ne mai tauri wanda aka gina da dogayen sarƙoƙin wani nau'in sukari. Shi ne ɓawon jikin fara da kyankyaso da ƙaguwa, shi ne bangon ƙwayoyin funfuna da naman kaza, yana kuma cikin ƙwan tsutsotsin ciki. Wani masani ɗan Faransa, Henri Braconnot, ya fara fitar da shi daga naman kaza a 1811. Mutum da ɓera ba su yin kaitin a jikinsu, saboda haka duk inda jiki ya ci karo da shi, ya san baƙo ne ya shigo. Kaitines kuwa shi ne sinadarin da ke yanyanka wannan sarƙa. Mutum yana da iri biyu masu aiki: ɗaya makrofaj ne ke yin sa, ɗayan kuma, mai jure tsami, ana samun sa a tumbi da huhu.

Ym1 ɗan wannan gida ne. Ƙirarsa iri ɗaya ce da ta kaitines, kamar ganga mai dogon kwari a samanta inda sarƙar sukari ke kwanciya, amma a daidai wurin da ya kamata a sami bakin yanka, an sauya wasu daga cikin tubalan furotin ɗin, sai yankan ya gagara. Ki ɗauke shi kamar wuƙa mai ƙota da kube amma babu kaifi. Abin da ake nufi da "mai kama da kaitines" ke nan.

To, in ba ya yanka, me jiki ke yi da shi har yake zubo shi da yawan da zai daskare? Amsar tana wajen tsutsa. Garkuwar jiki tana da salon yaƙi fiye da ɗaya. Akwai wanda take yi da bakteriya da bairos, akwai kuma salo na biyu da take fitowa da shi idan abokin gaban babba ne, kamar tsutsa, wanda ƙwaya ɗaya ba za ta iya haɗiye shi ba. A wannan salo na biyu wasu 'yan aike guda biyu, IL-4 da IL-13, suna umartar makrofaj ya sauya hali, majina ta ƙaru, wasu fararen ƙwayoyin jini masu suna iyosinofil su taru. A jikin ɓera, Ym1 yana cikin abubuwan da makrofaj ke fitarwa da yawa da zarar ya karɓi wannan umarni, har masu bincike suka mayar da shi tambarin gane irin wannan makrofaj ɗin. Tun farko ma masana a Taiwan sun same shi ne a cikin ɓerayen da aka sa wa tsutsa.

Aikin da ya fi burge ni a wannan fanni shi ne na ƙungiyar Judith Allen, wadda a lokacin take Jami'ar Edinbura a Sukotland, wanda aka wallafa a 2014. Sun yi amfani da wata tsutsar ɓera wadda 'ya'yanta ke huda fata, su bi jini zuwa huhu, su fasa shi su hau maƙogwaro, a haɗiye su, su sauka hanji. Wannan ita ce hanyar da tsutsar ciki mai shan jini ke bi a jikin yaron da ke yawo ba takalmi a ƙasa mai danshi. Sun gano cewa a kwanakin farko Ym1 yana sa a saki wani ɗan aike mai suna IL-17, shi kuma ya kirawo dakarun gaggawa da ake kira nutrofil. Dakarun suna rage tsutsar, amma suna ƙara yi wa huhu rauni. Da suka toshe Ym1, ɓarnar huhu a farko ta ragu, tsutsa kuma ta ƙaru. Bayan 'yan shekaru ƙungiyar ta nuna cewa a mataki na gaba furotin ɗin nan dai shi ne ke taimakawa wajen gyaran huhun. Abu guda ya zama mai hura wuta da safe, mai ɗinke ɓaraka da yamma, kuma duk wanda ya ce miki Ym1 mai amfani ne kawai ko mai cutarwa ne kawai, rabin labari ya ba ki.

Saura tambayar ko daskarewar kanta tana da wani tasiri. An daɗe ana ɗaukar alluran a matsayin tokar da wuta ta bari. A 2024 masana a birnin Gent na Beljiyam, ƙarƙashin Bart Lambrecht da abokan aikinsa, suka haɗa Ym1 a ɗakin gwaji, suka raba shi biyu, narkakke da daskararre, suka sa wa ɓeraye a hanyar numfashi. Daskararren ne ya tayar da garkuwar jiki, kuma da aka haɗa shi da wani furotin marar lahani, sai jikin ya koyi ɗaukar marar lahanin a matsayin abokin gaba, irin yadda ake gani a ciwon asma. Narkakken bai yi haka ba. Furotin ɗaya ne, tubalai ɗaya, siffa kawai ta bambanta, amma jiki ya amsa daban. A ganina wannan ne abin da ya kamata ki riƙe daga darasin nan fiye da sunaye da lambobi. Likitoci sun san makamancinsa a ciwon gaɓɓai da ake kira gaut, inda wani sinadari ke yawo a jini lami lafiya har ranar da ya daskare a gaɓar babban yatsan ƙafa, sai mutum ya kasa taka ƙasa.

Abu ɗaya zan ja kunnenki a kai kafin jarrabawa. Mutum ba shi da Ym1 ko Ym2, na ɓeraye ne. Namu masu kama da kaitines sun haɗa da YKL-40 da YKL-39, kuma wani bincike na Jami'ar Yale ta Amurka a 2007 ya nuna cewa YKL-40 yana ƙaruwa a jinin masu asma mai tsanani. Sai dai yana ƙaruwa a wasu cututtukan ma, kamar ciwon gaɓɓai da tabon hanta da wasu nau'o'in sankara, saboda haka ba ya nuna cuta guda. Alluran da ke jikin mutum na wani furotin ne daban, kuma shi ne batun wasiƙa ta gaba.

TAMBAYA: Salamu alaikum. Ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani ƙaramin asibiti a Daura. Wani lokaci idan ina duba bayan gida ko kaki a madubi, nakan ga wasu abubuwa marasa launi, dogaye, masu tsini a gaba da baya. Wanda ya koya mini aiki ya ce datti ne, kada in rubuta. Shin haka ne?

AMSA: Wa alaikas salam, Malam. Madalla da idon da ya lura. Ban ga gilashinka ba, amma siffar da ka bayar ita ce ta kiristal ɗin Charcot-Leyden, kuma in su ne, ba datti ba ne. Suna kama da ƙoshiyar masaƙa: ciki a tsakiya, tsini a kowane gefe, gefunan a miƙe sumul kamar an fere su. Idan aka dube su ta yanke, kusurwa shida gare su. Girmansu ya bambanta a gilashi ɗaya, wani ƙarami ƙwarai, wani ya kai tsawon ƙwan tsutsa. Zaren ganye ko gashin tsiro da ke fitowa a bayan gida yakan lanƙwasa, yana da rami a tsakiya, kuma tsininsa gefe ɗaya ne, ka ga ta nan za ka raba su.

Sunan na mutum biyu ne. Jean-Martin Charcot, likita a birnin Paris, shi da Charles Robin suka bayyana su a 1853 a jikin wani mai sankarar jini, sannan Ernst von Leyden na Jamus ya gan su a kakin masu asma a 1872. Asalinsu ƙwayoyin iyosinofil ne da na ambata a sama. Kowace ɗaya tana ɗauke da wani furotin mai yawa da ake kira galektin-10, kuma idan ƙwayoyin suka taru a wuri ɗaya suka fashe a fagen fama, furotin ɗin ya zubo da yawa a lokaci guda, sai ya daskare. Ganin kiristal ɗin yana nufin iyosinofil sun yi yaƙi a wurin, ko da ba ka ga ko ɗaya daga cikinsu da rai ba. A bayan gida wannan yana sa a yi zargin tsutsa ko atunin da amiba ke kawowa, a kaki kuma asma, ko borin jiki ga funfuna, ko 'ya'yan tsutsa masu ratsa huhu.

Ga wani abin mamaki: ɓera ba shi da galektin-10, kamar yadda mutum ba shi da Ym1. Furotin biyu ne da ba su haɗa dangi ba, ƙwayoyin da ke yin su ma daban, amma dukansu suna daskarewa a yanayi iri ɗaya, wato lokacin da salon yaƙi na biyu ya yi zafi. Su dai masanan Gent ɗin nan ne a 2019 suka nuna cewa kiristal ɗin Charcot-Leyden ba shaida ce kawai ba, har da hannunsu a cikin cutar. Sun sa wa ɓeraye galektin-10 daskararre, huhu ya kumbura. Suka sauya tubali guda a furotin ɗin yadda ba zai iya daskarewa ba, sai kumburin ya ƙi zuwa. Daga nan suka samo wasu ƙwayoyin kariya daga jinin lama, wata dabbar Kudancin Amurka 'yar'uwar raƙumi, waɗanda ke kama daidai wurin da furotin ɗin ke manne wa ɗan'uwansa. Da aka zuba su a kan majina mai kauri da aka ciro daga hancin marasa lafiya, kiristal ɗin suka narke. Shekara 166 ke nan tsakanin bayanin su Charcot da wannan gwaji.

Shawarata ita ce ka riƙa rubutawa, cikin ladabi ga wanda ya koya maka, domin wataƙila shi ma haka aka koya masa. Layi ɗaya ya isa: an ga kiristal ɗin Charcot-Leyden, kaɗan ko da yawa. Idan ka gan su a bayan gida ba ka ga ƙwai ba, kada ka yi saurin rubuta cewa babu komai. Ka sake shafa wani gilashin, ka yi tacewa in kuna da kayanta, ka kuma nemi a kawo wani samfurin washegari, saboda tsutsa ba kullum take zubar da ƙwai ba. Su kaɗai ba su isa a yanke hukuncin cuta ba, wannan aikin likita ne, amma likitan ba zai yi tunanin abin da ba a gaya masa ba. Na damu da wannan ƙwarai, domin a ƙananan asibitocinmu madubi da idon ma'aikaci su ne kusan dukan abin da marar lafiya ke da shi, kuma yaron da aka sallama da takardar "babu komai" yana iya komawa gida da tsutsar da ke shan jininsa.

TAMBAYA: Malam, ina wuni. Ɗana mai shekara tara yana da asma, tana tashi sosai idan hazo ya sauko. Muna zaune a Ƙofar Marusa, gidan tsoho ne, akwai ɓeraye da kyankyasai. Yana kuma son soyayyar fara. 'Yar ƙanwata ta ce ta karanta cewa ɓawon fara yana da abin da ke tayar da asma, kuma ɓera yana da duwatsu a huhu. In hana shi cin fara? Ɓerayen za su iya sa masa duwatsun?

AMSA: Lafiya lau, Hajiya. Allah ya ba yaro lafiya. Ki kwantar da hankalinki a kan duwatsun, ba a ɗaukar su. Jikin ɓera ne ke yin su da furotin ɗin da mutum ba shi da shi. Amma ɓerayen da kyankyasan suna da laifi ta wata hanyar, domin fitsarin ɓera da kashin kyankyaso da ɓurɓushin jikinsa, idan suka bushe suka bi ƙura, suna cikin sanannun abubuwan da ke tayar da asmar yara. A toshe ramuka, a rufe abinci, a kwashe shara kafin dare, kuma a yayyafa ruwa kafin a yi shara, yaron yana waje.

Maganar 'yarki tana da tushe, sai dai an haɗa shaƙa da ci. A 2007 masana a Amurka sun nuna cewa kaitin da aka sa a huhun ɓera yana tara iyosinofil, kuma a 2017 aka nuna cewa ɓerayen da ba su da kaitines na huhu, kaitin da suke shaƙa daga muhalli yana taruwa a huhunsu har ya yi tabo idan suka tsufa. Wannan duk batun abin da ya bi iska ne. Wanda aka tauna aka haɗiye tumbi yake sauka, can kuma akwai kaitines mai jure tsami. Idan yaron ya saba cin fara ba ta taɓa sa masa ƙaiƙayi ko kumburin leɓe ko sarƙewar numfashi ba, ban ga dalilin hana shi ba, in dai an saya daga hannun wanda kuka amince ba da maganin feshi ya kama ta ba. Idan kuwa ya taɓa yin ɗaya daga cikin waɗannan bayan ya ci, a dakatar nan take a gaya wa likita, domin akwai masu borin jiki ga wani furotin na naman ƙwari, wanda ke cikin jatan lande ma.

Maganin da ke narkar da kiristal da na ambata yana matakin bincike ne, saboda haka kada wani ya sayar miki da wani abu da wannan suna. Abin da ke hannu yana aiki idan aka bi shi daidai. Abin shaƙa iri biyu ne: mai buɗe ƙirji lokacin da ciwon ya tashi, da mai kwantar da kumburi wanda ake sha kullum ko da yaro yana wasa lafiya, kuma wannan na biyun shi ne ke rage taruwar iyosinofil a hanyar numfashi. Iyaye da yawa sukan ajiye shi da zarar tari ya lafa, sai hazo ya sauko ya tarar da ƙirji a buɗe. Ki kai shi asibiti tun kafin hunturu ya kankama a duba ko yana buƙatarsa, ki roƙi ma'aikaciyar jinya ta sa shi ya shaƙa a gabanta domin ta gyara masa riƙo. A raba ɗakin kwanansa da turaren wuta da maganin sauro mai hayaƙi, a sa masa gidan sauro, kuma ranar da hazo ya rufe gari har ba a hango hasumiyar Gobarau sosai, ya ɗaura takunkumi a hanci kafin ya fita makaranta, abin shaƙarsa yana cikin jaka.